Kwanon Karin Kumallo: Kunu Mai Zaƙi da Fate Mai Ganye, Ba Nama Ba Madara

Jawabin da wata ma'aikaciyar lafiyar al'umma ta gabatar a taron iyaye mata da magidanta a unguwar Nima, birnin Accra

Ku ma da takardar nan za ta iske ku a wasu garuruwa, a Kumasi ko Tamale, Lome ko Yamai, Maraɗi ko Kano, maganar ta shafe ku kamar yadda ta shafe mu, domin tukunyarmu ɗaya ce.

Aikina shi ne shiga gida-gida a Nima da Maamobi, ina auna jinin manya, ina auna nauyin yara. A duk gidan da na shiga da safe, abin da nake fara gani shi ne kwanon koko. Har waɗanda ba su jin Hausa a ƙasar nan sun san shi da sunan kokon Hausa, suna bin layi da asuba don su saye shi da ƙosai. Abin alfaharinmu ne. Amma a cikin wannan kwano ne kuma nake ganin ana zuba sukari cokali huɗu, cokali biyar, a bi shi da madara mai kauri, a haɗa da farin burodi. Shi ya sa na zaɓi in yi muku magana a kan karin kumallo: yadda za ku dama kunu mai zaƙi, ku kuma dafa fate mai ɗanɗano, da hatsin ots ko da geronmu, ba tare da nama ko ƙwai ko madarar shanu ba, kuma ba tare da tulin sukari da gishiri ba.

Abin da ya sa maganar ta zama dole

Kwanakin baya na shiga wurin wata dattijuwa a Maamobi wadda ke fama da ciwon sukari. Tana shan maganinta a kan lokaci, amma awonta ya ƙi sauka. Na ce, "Hajiya, me kika karya da shi yau?" Ta ce, "'Yata, ai koko ne kawai, ko abinci ban ci ba." Da na nemi ta nuna mini yadda take haɗa shi, sai na ƙirga sukari ƙaramin cokali biyar. A ganinta abin da ake sha ba ya shiga lissafin abinci. Mutane da yawa a cikinmu haka suke gani.

Ga lissafin. Ƙaramin cokali ɗaya na sukari kimanin giram 4 ne. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa a yini. Ga babban mutum wannan kimanin giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12. Ta ƙara da cewa in an tsaya a rabin haka, wato cokali 6, ya fi alheri. To, wanda ya zuba cokali biyar a kokonsa kafin hantsi ya kusa cinye rabonsa na yini, alhali bai sha shayi ba, bai sha lemon kwalba ba, bai sha zoɓo mai zaƙi ba. Madarar gwangwani mai kauri kuwa kusan rabin nauyinta sukari ne.

Gishiri ma haka. Hukumar ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba, har da wanda ke cikin burodi, da kifin gwangwani, da dunƙulen ɗanɗanon miya, wanda kusan rabinsa gishiri ne. Yawan gishiri na hawar da jini, hawan jini kuwa yakan daɗe a jiki shiru, sai ranar da ya kawo shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda.

Hukumomin ƙasar nan sun lura da matsalar. A 2023 Ghana ta ƙaddamar da jagorar cin abinci ta ƙasa, kuma a shekarar ce aka ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan abubuwan sha masu sukari. Sai dai haraji ba ya shiga madafa. Cokalin da ke hannunku ku ne kaɗai ke da iko da shi.

Mene ne ots, kuma ina matsayin geronmu?

Ots hatsi ne na ƙasashe masu sanyi. Kanada da Rasha ne kan gaba wajen nomansa. Yawancinmu mun san shi da sunan Quaker, saboda kamfanin da ya yi suna wajen sayar da shi. Ana turara ƙwayarsa, a daddanne ta ta zama fale-fale, shi ya sa yake nuna cikin minti biyar. A cikin giram 100 na busasshensa akwai kimanin giram 13 na furotin mai gina jiki, da giram 10 na faiba, wato ɓangaren hatsi da ganye da ciki ba ya narkarwa, wanda ke hana bushewar ciki, yake kuma rage saurin shigar sukari cikin jini.

In kun dafa ots za ku ga yana ɗan yauƙi kamar kuɓewa. Wannan yauƙin wani nau'in faiba ne da ake kira beta-gulukan. A cikin hanji yakan riƙe wani ɓangare na ruwan matsarmama ya fita da shi, sai hanta ta ɗebo kolestarol daga jini don ta yi wani sabo, ta haka kitsen jini ke raguwa. Tun 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince a rubuta a jikin kwalinsa cewa yana taimaka wa lafiyar zuciya. Adadin da ake bukata giram 3 ne na beta-gulukan a yini, wanda ake samu daga kimanin giram 75 na busasshen ots.

Amma ots daga waje ake shigo da shi, farashinsa yana bin dala, kuma na san yadda sidi ke wahalar samu. Saboda haka kada wanda ya fita daga taron nan yana jin cewa lafiya sai da kwalin kanti. Gero da dawa da acca da ke jibge a kasuwar Nima hatsi ne masu daraja. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 kacokan don gero da danginsa. A Nijar kuma, a 2018, an fitar da irin gero mai suna Chakti, wanda aka inganta don ya ƙunshi sinadarin ƙarfe mai ƙara jini fiye da na yau da kullum. Inda muke yin asara shi ne wajen sarrafawa: mu surfe gero mu zubar da dusa, mu markaɗa mu tace da ƙyalle mu zubar da sauran, sai gasara zalla ta rage. Gasara tana da laushi, amma tana shiga jini da sauri, yunwa kuma ta dawo da wuri. Duk abin da zan koya muku da ots, za ku iya yin sa da garin gero da ba a tankaɗe ba, ko tsakin dawa, ko acca.

Me ya sa ba nama, ba madara?

A Turai da Amurka akwai mutanen da ba sa cin komai da ya fito daga dabba. Tun 1944 suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, kuma a yau girke-girkensu sun cika intanet. Ni ban zo in hana kowa nama ko nono ba. Abin da nake so ku lura shi ne, abin da suke ɗauka sabon ilimi, kakanninmu sun daɗe da shi. Koko da ƙosai babu dabba a ciki. Kunun gyaɗa, kunun tsamiya, ɗanwake, faten wake, duk tsirrai ne. Furotin na hatsi yana da giɓi, na wake ma yana da nasa, amma in aka haɗa su sai kowanne ya cike na ɗan'uwansa. Wake na da kimanin giram 23 na furotin a cikin giram 100, gyaɗa kimanin 25, waken suya fiye da 35. Wanda ya fara haɗa koko da ƙosai bai shiga ajin kimiyya ba, amma ya yi daidai.

Ga amfaninsa a gare mu: ya fi araha, ba ya ɗauke da kitsen dabba, kuma yana dacewa da masu yawa a cikinmu da madara ke sa wa kumburin ciki da gudawa.

Girki na farko: kunun ots mai zaƙi

Wannan awon na mutum ɗaya ne. Ga ma'auni mai sauƙi: ledar ruwan sha da muke kira fiya wata mililita 500 ce.

Kayan haɗi:
Ots babban cokali 5 a cike, kimanin giram 40.
Ruwa rabin leda, ko ɗan fiye da haka.
Ayaba 1 ƙarama wadda ta nuna sosai, ko dabino 2.
Markaɗaɗɗiyar gyaɗa babban cokali 1.
Garin citta da kanumfari ɗan kaɗan, ko kirfa.

Ku zuba ots a cikin ruwan tun yana da sanyi, ku ɗora a wuta matsakaiciya, kuna juyawa don kada ya kama. In da dabino za ku yi, ku cire ƙwallon, ku yayyanka shi ƙanana, ku zuba tun farko don ya narke a ciki. In ya tafasa, ku rage wuta, ku zuba kayan ƙamshi, ku bar shi minti huɗu zuwa biyar. Ku dama gyaɗar da ruwan ɗumi cokali biyu ku zuba. In da ayaba ne, ku murƙushe rabinta da cokali ku gauraya a ciki bayan kun sauke, ku yanka sauran a sama. Ba a bukatar sukari.

Ku lura da amfanin kayan ƙamshi. Citta da kanumfari da masoro, waɗanda su ne suka ba kokonmu sunansa, suna cika baki da ɗanɗano, sai harshe ya rage neman zaƙi. A lokacin mangwaro ku sa mangwaro, a lokacin gwanda ku sa gwanda. Wanda ke son ɗan tsami ya barbaɗa garin ƙwallon kuka ƙaramin cokali ɗaya bayan an sauke, domin yana da bitamin C mai yawa, zafi kuma yana lalata shi.

Wanda ke kewar farin madara yana da mafita uku. Na ɗaya, madarar aya: ku wanke aya, ku jiƙa ta ta kwana, ku markaɗa, ku tace. Tana da zaƙi na kanta, amma tana saurin lalacewa, don haka a yi daidai ta ranar. Na biyu, madarar waken suya: a jiƙa, a markaɗa, a tace, sannan a tafasa ta sosai na kimanin minti 15 zuwa 20, domin ɗanyen waken suya yana ɗauke da abin da ke hana narkewar abinci. Na uku, madarar kwakwa, amma kaɗan, saboda tana da maiƙo.

Hattara da ƙananan ledojin ots da aka riga aka haɗa da ɗanɗano, waɗanda ake zuba wa ruwan zafi kawai. Da yawansu an cika su da sukari. Ku juya bayan ledar, ku duba giram nawa na sukari aka rubuta, ku raba da huɗu, za ku san cokali nawa ne. Ko ba a sa masa sukari ba, ots da aka niƙa ya yi laushi sosai ya fi saurin hawar da sukarin jini a kan mai manyan ɓarzaje. Ku zaɓi mai kauri, wanda babu komai a cikinsa sai hatsin.

In da gero za ku yi

Ku tsince gero, ku wanke, ku rege tsakuwa, ku shanya ya bushe ƙayau. Ku soya shi sama-sama a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi. Ku soya waken suya ko farin wake daban, gyaɗa daban. Ku haɗa awo huɗu na gero da awo ɗaya na wake da gyaɗa a haɗe, ku sa citta da kanumfari, ku kai inji, ku ce kada a tankaɗe. Wannan dangin abin da ake kira Tom Brown ne a nan Ghana, kuma kusan awonsa ɗaya da na garin yaye mai suna Weanimix, wanda Ma'aikatar Lafiya ta Ghana da UNICEF suka fito da shi a 1987. Da safe sai ku dama babban cokali huɗu da ruwan sanyi, ku zuba a tafasasshen ruwa kuna juyawa, ya dahu minti goma. Zaƙinsa kuma daga ayaba ko dabino, kamar yadda na faɗa.

Masu son kokon tsami su ci gaba da jiƙa gero yadda suka saba, domin jiƙawa da tsimawa suna rage wani sinadari da ke hana jiki ɗaukar ƙarfe daga hatsi. Roƙona kawai shi ne a niƙa shi da laushi, a rage tacewa, ko a mayar da rabin dusar cikin ƙullun.

Girki na biyu: faten ots

Wasu za su yi mamakin jin ana sa wa ots albasa da barkono. Mutanen Sikotilan, waɗanda kunun ots ya zama abincin gadonsu, da ruwa da gishiri suka saba dafa shi. Mu kuma muna da fate: faten tsaki, faten acca, wanda mutanen Zariya da Jos suka ƙware a kai. Ots yana shiga tukunyar fate kamar don ita aka yi shi, kuma ga mai ciwon sukari wannan girkin ya fi na farko dacewa. Awon nan na mutum huɗu ne.

Kayan haɗi:
Ots gwangwanin madara 3.
Ruwa leda 2 da rabi.
Dafaffen wake gwangwani 2.
Albasa 1 babba, tumatir 3, attarugu 1 ko 2.
Manja ko man gyaɗa babban cokali 2.
Daddawa ƙwaya 1, a daka.
Dakakkiyar gyaɗa babban cokali 3.
Ganye cikin tafin hannu 3: alayyahu, zogale, rama ko yakuwa.
Gauta 2 ko karas, in akwai.
Gishiri mai ayodin rabin ƙaramin cokali.
Lemon tsami 1.

Ku soya rabin albasar a cikin mai har ta yi laushi. Ku zuba jajjagen tumatir da attarugu da daddawa, ku bari ruwan tumatir ya tsotse. Ku tsaida ruwa, ku sa gyaɗa da gauta da gishiri, ya tafasa minti biyar. Ku zuba wake. Sannan ku riƙa barbaɗa ots kuna juyawa da muciya don kada ya yi gudaji. Bayan minti uku ku zuba ganyen da kuka wanke kuka yanka, da sauran albasa, ku rufe, ku rage wuta, minti uku zuwa huɗu. Ku sauke. Kowa ya matsa lemon tsami a kwanonsa. Ots yana ƙara kauri in ya huce, don haka ku sauke shi da ɗan ruwa-ruwa.

Akwai dalili a kan kowane abu da ke cikin tukunyar nan. Daddawa da albasa da tsamin yakuwa su ne ke ɗauke nauyin ɗanɗano, shi ya sa rabin cokalin gishiri ya isa mutum huɗu, kowa bai kai giram ɗaya ba, kuma ba a nemi dunƙule ba. In kun ga dole sai kun sa dunƙule, to ku sa ɗaya, ku bar gishirin. Wake da ganye suna da sinadarin ƙarfe, lemon tsami da tumatir kuma suna taimaka wa jiki ya ɗauke shi. Shayi yana yin akasin haka, saboda haka a jinkirta shi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, musamman mata masu ciki da 'yan mata. Ɗan man da ke ciki yana taimakawa wajen ɗaukar bitamin A na ganye da karas. Kada a sa kanwa don ganye ko wake ya yi saurin nuna, domin tana lalata wasu bitamin. Jiƙa wake ya kwana ya wadatar. In da ganyen kontomire za ku yi, ku sa shi tun kafin ots, ya dahu sosai, don kada ya yi ƙaiƙayi a maƙogwaro.

In da tsakin dawa ko na masara za ku yi, ku ƙara ruwa, ku ba shi minti 20 zuwa 30 kafin ganye ya shiga. Acca kuwa kamar ots take wajen saurin nuna, sai dai tana bukatar regewa sosai saboda yashi. Wanda ke fita aiki da asuba ya dafa wake ya yi jajjage tun da dare, da safe minti goma sha biyar sun isa.

Tsabta da ajiya

Gyaɗa da masara suna iya kama wani irin funfuna da ke haifar da guba mai suna afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma in ta daɗe tana shiga jiki tana iya kawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Ku tsince gyaɗarku da kanku kafin a markaɗa, ku zubar da duk wadda ta yanƙwane, ta canza launi, ko take ɗaci. Arha ba ta biyan kuɗin asibiti. Iskar Accra tana da laima, don haka ku ajiye gari a mazubi mai murfi, nesa da ƙasa, kuma kada ku niƙa fiye da na mako biyu zuwa uku.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a zafin ɗaki. In ya rage, a sa a firji, in za a ci a ɗumama shi har ya yi tururi. Akwai masu koyar da jiƙa ots a madara ya kwana a ci da safe ba dafuwa. Wannan sai da firji mai aiki har wayewar gari. In an ɗauke wuta cikin dare, ku dafa shi kafin ku ci.

Waɗanda ya kamata su ƙara kula

Jarirai: nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba su. Daga nan a fara kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, domin cikin jariri ƙarami ne, tsinkakken koko yana cika shi da ruwa ya bar shi da yunwa. A sa gyaɗa markaɗaɗɗiya, ko garin wake, da ɗan mai. Ba sukari, ba gishiri, ba zuma kafin shekara ɗaya. Madarar aya ko ta waken suya ba ta maye gurbin nonon uwa. Kada a ba yaron da bai kai shekara biyar ba gyaɗa guda-guda, tana iya shaƙe shi. In kuka ga kumburin fuska, ƙuraje ko wahalar numfashi bayan cin gyaɗa ko waken suya, ku garzaya asibiti.

Yara masu tasowa da mata masu ciki ko shayarwa suna bukatar ƙwai, kifi ko nama a sauran abincin yini in da hali. Akwai bitamin B12 da ba a samu a tsirrai, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da lalacewar jijiyoyi. Duk wanda ya bar abincin dabba gaba ɗaya dole ne ya riƙa shan ƙwayarsa.

Masu ciwon sukari: dabino da ayaba ma suna da sukari. Dabino ɗaya ko rabin ayaba ya isa, kwano kuma ya zama matsakaici. Fate ya fi muku. Kada ku daina magani don kun gyara abinci. In kuna allurar insulin ko shan ƙwayoyin rage sukari, ku sanar da ma'aikacin lafiya kafin ku yi babban canji, don kada sukarin ya faɗi ƙasa da kima. Masu ciwon ƙoda su nemi shawarar likita kafin su yawaita ganye, wake da ayaba.

Yadda za a fara

Na san harshen da ya shekara arba'in yana shan zaƙi ba zai saba cikin kwana ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa. In kuna sa cokali huɗu, a makon farko ku koma uku, a na biyu ku koma biyu, a na uku ɗaya, a na huɗu ku gwada ayaba ko dabino kaɗai. Harshe yana sabawa cikin 'yan makonni, har ku zo ku ji kokon da kuka saba sha a da ya yi muku zaƙi da yawa. Dattijuwar nan da na ba ku labari haka muka yi da ita, yanzu cokali ɗaya take sawa, kuma ita ce ke tsawata wa jikokinta.

In a waje kuke saye, ku je da kwanonku mai murfi maimakon a ƙulla muku abu mai zafi a leda, ku ce a bar sukarin, ku sa da hannunku a gida. Iyayenmu masu sayar da koko, da yawanku kuna zaune a nan, kuma da sana'ar nan kuka biya kuɗin makarantar yara. Ina roƙonku ku riƙa tambayar mai saye kafin ku zuba sukari, ku kuma nemi ƙaramin cokali. Ba za ku rasa ciniki ba, za ku ma rage kashe kuɗi.

Magidanta, ku ma da naku. In aka kawo muku fate da safe, kada ku ture ku ce sai shayi da burodi. Yara abin da uba ya ci suke ci. A lokacin azumi ma, kwanon fate ko kunu mai gyaɗa da sahur ya fi riƙe ciki a kan farin burodi da shayi mai zaƙi.

Daga ƙarshe, abinci mai kyau ba ya hana awo. Duk wanda ya kai shekara 40, ko yake da ƙiba, ko akwai hawan jini ko ciwon sukari a danginsa, ya je a auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara, a Babban Asibitin Maamobi ko a cibiyar lafiya mafi kusa da shi. In awon jini ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku daban-daban, a ga likita. Ku tafi da katin inshorar lafiyarku.

Ranar Laraba mai zuwa, in kun shiga kasuwar Nima, ku sayo gero ko ots, da wake, da gyaɗa mai kyau, da daddawa, da damin ganye. Ku gwada girki ɗaya daga cikin biyun nan kafin mako ya ƙare. In na zo gidajenku da ma'aunina, zan tambaye ku yadda kuka ji shi, kuma cokali nawa ya rage.

Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya mai da kowa gida lafiya.